Gilashin kyamara mai idon kifi: abin dubawa kafin a sayi na hannu

A shirinmu na wannan mako mun amsa tambayar wani mai ɗaukar hoton biki da ya ce an yi masa tallan tsohon gilashin kyamara, irin wanda ake kira idon kifi, da araha. Shin ya saya ko ya haƙura? Ga taƙaitaccen bayanin da aka yi.

Da farko, mene ne idon kifi? Gilashi ne mai kwaso wuri da faɗi ƙwarai, har digiri 180, wato duk abin da ke gabanka daga dama zuwa hagu. Amma yana lanƙwasa layi: bango ko sandar lantarki da ke gefen hoto sai ka ga ta tanƙware kamar baka. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wood, shi ya raɗa sunan a 1906, don ya kwatanta yadda kifi ke hangen duniya daga ƙarƙashin ruwa. A 1924 aka ƙera irinsa a Ingila don ɗaukar hoton gajimare, sannan kamfanin Nikon na Japan ya fito da nasa mai milimita 8 a 1962.

Akwai kuma ɗan'uwansa mai faɗi wanda ba ya lanƙwasa layi, kamar Flektogon mai milimita 20 da aka yi a tsohuwar Jamus ta Gabas. Shi bango yana tsayawa ƙyam, sai dai mutanen da ke gefe sukan fito da faɗi. Kar a haɗa su, aikinsu daban ne.

Cikin na hannu, waɗanda aka fi cin karo da su da sauƙin kuɗi su ne Zenitar mai milimita 16, ƙirar Rasha, da Peleng mai milimita 8, ƙirar Belarus. Dukansu da hannu ake saita su.

To, kafin ka ba da kuɗinka, tambayar farko ita ce: zai hau kyamararka? Kowane kamfani da irin bakinsa. Tsofaffi da yawa suna da baki mai murɗi, M42, sai da adafta. A kan Canon irin EF adaftar na aiki lafiya lau, amma a kan Nikon, in adaftar ba ta da gilashi a ciki, abin da ke nesa ba zai fito tas ba. Shi ma gilashin Canon na kafin 1987, wanda ake kira FD, ba ya hawa bakin EF kai tsaye. Kyamarori marasa madubi, irin Sony E, su ne suka fi karɓar kowane iri. A kula kuma: wasu idon kifi na farko-farko gindinsu na kutsawa can ciki, yana iya bugun madubin kyamara ya fasa shi.

Na biyu, girman sensa. In kyamararka mai ƙaramar sensa ce, tsakiyar hoton kaɗai za ta ɗauka. Milimita 16 sai ta yi aiki kamar 24 ko 25, faɗin nan da ka biya kuɗi dominsa ya ragu. Ga irin wannan kyamara, mai milimita 8 ya fi dacewa.

Na uku, lafiyar gilashin. Buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka haska tocila ta baya. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, funfuna ce, tana cin rufin gilashi, ka bar shi. Ƴar ƙura ba komai ba ce, amma hazo-hazo na dusashe hoto. Duba ganyayen ƙofar haske, kar su kasance da maiƙo, su riƙa buɗewa da rufewa nan take. Gaban idon kifi a kumbure yake, ba a iya ɗaura masa gilashin kariya, kuma ƙarzuwa a kansa ta fi fitowa a hoto. Saboda haka in babu murfinsa, a rage maka kuɗi. Shi Zenitar yana da ɗan gilashi da ake murɗawa a bayansa. In ya ɓata, saitin nesa zai rikice.

Wajen aiki kuwa abin da sauƙi. Da mai milimita 16 a kan babbar sensa, sa ƙofar haske a 8, saiti a wajen mita ɗaya, kusan komai daga rabin mita har iyakar gani zai fito. Layin da ya ratsa tsakiyar hoto ba ya lanƙwashewa, don haka ka riƙe kyamara daidai. Duba ƙasa, kar ƙafarka ko inuwarka su shiga. Kuma don Allah kar a kusanto da shi fuskar amarya: hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya, ƙarshe a hana ka kuɗin aikinka. Amfaninsa shi ne taron jama'a, filin kokawa, cikin ɗaki mai ƙunci.

Lokacin hunturu a hure ƙura kafin a goge, don ƙurar ce ke ƙarzar gilashi. Da damina kuma a ajiye shi a busasshen wuri, tare da ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi.

Ga mai tambayarmu, shawara ita ce ya je da kyamararsa, ya ɗaura gilashin a gaban mai sayarwa, ya ɗauki na kusa da na nesa, ya duba su da kyau kafin a yi ciniki.