Sandar wanke gilashin bene: tsawo kaɗai bai isa ba

A Birtaniya, tun bayan dokar kare masu aiki a wurare masu tsawo ta 2005, da yawa cikin masu sana'ar wanke tagogi sun ajiye tsani. Daga ƙasa suke aiki da doguwar sanda mai buroshi a baki, siririn tiyo na kai ruwa sama. Ruwan tatacce ne, an cire ma'adinan da ke narke a cikinsa, shi ya sa gilashi ke bushewa ba tabo.

To, wace sanda za ka zaɓa? Ga lissafin: idan tsawo ya ninka biyu, buroshin nan dai zai lanƙwasa sandar kusan ninki takwas. Gida mai hawa biyu, sandar faibagilas ta wadatar, ga araha. Abin da ya wuce nan, sai ta zaren kabon, wadda ta fi tauri kuma ba ta da nauyi.

Amma fa kabon yana ɗaukar lantarki. Kafin ka miƙa sanda, ɗaga kai ka duba wayoyin wuta. Kuma kada ka sayi wadda ta fi ƙarfin aikinka, don kafaɗarka ce za ta ji a jikinta.