Biniya: Fallen Ado a Kan Haƙori, Wa Ya Dace Ya Sa?

Biniya wani siririn falle ne na tangaran, ko na wani ƙullu mai daskarewa da ake kira kwamfozit, wanda likita ke mannawa a fuskar haƙoran gaba domin ya rufe tabo ko gutsurewa ko 'yar karkata. Kaurinsa bai cika wuce rabin milimita ba, kamar dai farce. A 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya ta Amurka, Charles Pincus, ya fara manna wa 'yan fim shi, a cire da zarar an gama ɗaukar hoto. Sai da Michael Buonocore ya gano a 1955 cewa shafa wa haƙori ɗan asid na sa manni ya kama sosai, aka kuma samo wa tangaran irin wannan dabara a farkon shekarun 1980, sannan fallen ya zama mai zama daram.

Wurin da mai sha'awa ya kamata ya tsaya ya yi nazari shi ne gugar da ake yi kafin manni. Galibi sai an kankare wani sashe na farin ɓawon haƙori, shi kuwa ba ya sake tofowa. Haƙorin da aka kankare ba zai ƙara zama a buɗe ba har abada. Na tangaran kan yi shekara 10 zuwa 15, na kwamfozit kuma 5 zuwa 7, daga nan sai sauyi. Ke nan matashin da ya sa yana ɗan shekara 25 ya ɗaura wa kansa biyan kuɗi sau uku ko huɗu nan gaba. Wasu kuma kan yi fama da zugi idan sun sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi.

Abin takaici ya yi yawa a tsakanin matasan Ingila masu tururuwa zuwa Antaliya da Istanbul a Turkiyya neman araha. Da dama sun tafi da niyyar biniya, suka dawo da hular haƙori, wadda sai an fiƙe haƙorin ta kowane gefe, a zubar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da ke saman dasashi. Idan fiƙar ta yi zurfi jijiya kan mutu, ga kuma likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa. Yi wa lafiyayyen haƙori haka ɓarna ce tsantsa.

Akwai waɗanda biniya ke share wa hawaye. Wanda ya tashi a inda sinadarin fuloraid ya yi yawa a ruwan sha, irin su Tibiri a jihar Maradi ko Kaltungo a jihar Gombe, tabonsa na cikin jikin haƙorin ne, asuwaki da buroshi ba sa fitar da shi. Haka wanda maganin tetarasaikilin ya rina wa haƙora tun yana yaro, ko wanda haƙorinsa na gaba ya gutsure. Jan goro da baƙin taba kuwa a sama suke, wankin asibiti ya wadatar. Karkata sosai aikin wayar daidaita haƙori ce. Wushirya ma, da ake sa biniya a Turai don a toshe ta, ado ce a ƙasar Hausa.

Likita nagari ba ya manna falle a kan ruɓa ko dasashi mai jini sai ya yi maganinsu. Mai cizon haƙora cikin barci yana iya fasa tangaran ɗin, don haka akan ba shi robar kariya ya riƙa kwana da ita. Tauna ƙashi da ƙanƙara da buɗe kwalba da haƙori duk sai a bar su. Mai son ƙarin haske kuma ya fara haskaka sauran haƙoransa kafin a zaɓi launi, domin maganin haskakawa ba ya cin tangaran.