Shaharar Ɗan Ƙwallo: Misalin Mohammed Polo na Nima

Shahara ita ce mutum ya yi suna har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba su san shi. Amma ba gwaninta kaɗai ke kawo ta ba. Zamani da wurin da mutum ya yi wasa su ma suna da nasu rabo.

Mohammed Polo ya tashi ne a Nima, ɗaya daga cikin unguwannin zango na birnin Accra, inda Hausa ita ce harshen kasuwa da na hira. Ya yi wa ƙungiyar Hearts of Oak wasa, kuma an san shi da iya yanka. A shekarar 1977, ƙungiyar Mufulira Wanderers ta ci Hearts 5 da 2 a Zambiya. Da aka sake karawa a filin El Wak na Accra, sai Polo da abokan wasansa suka rama da ci 3 da nema, suka wuce gaba. A 1978 kuma yana cikin 'yan wasan da suka ci wa Ghana kofin Afirka a gida. Daga baya ya tafi Dubai, ya yi wa ƙungiyar Al Wasl wasa.

Duk da haka, a wajen Ghana da Dubai ba kowa ya san Polo ba. Dalili na farko shi ne bai yi wasa a manyan ƙungiyoyin Turai ba. Na biyu, Ghana ba ta je gasar cin kofin duniya ba sai a 2006, bayan ya daɗe da barin fili. Na uku, a zamaninsa yawancin mutane a rediyo suke sauraron wasa, hotunan da aka adana kuwa kaɗan ne.

A kwatanta shi da Hidetoshi Nakata na Japan. Shi ya je gasar kofin duniya sau uku, ya ci kofin Italiya na lig da Roma a 2001, sannan ya yi ritaya a 2006 yana da shekara 29. Talabijin ta kai sunansa ƙasashe da yawa. Haka ma Mohammed Kudus, wanda aka haifa a Accra a 2000, ya kuma tashi a Nima. Ƙwallo biyun da ya ci Koriya ta Kudu a Katar a 2022, duniya ta gan su a ranar nan.

Saboda haka, idan an tambaya wane ne ya fi suna, sai a fara tambaya: a wajen wa? Saurayi a Maamobi zai ce Kudus. Dattijon da ya ga Polo da idonsa kuwa, da wuya ya yarda an yi kamarsa.