Daga Ngaundere zuwa Duwala: mai jirgin dare ya bar wa kansa rata

Da yawa daga cikinmu, mutanen Cadi da arewacin Kamaru da waɗanda ke tsallakowa daga Yola, sukan nufi Duwala don ganin likita, ko sarin kaya, ko hawa jirgin sama. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi ita ce mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan wani jirgin zuwa Duwala. Tafiya ce mai gaɓa uku, kuma mun lura cewa asarar da ake yi a cikinta, a mahaɗar gaɓoɓin nan ake yin ta.

Layin dogon da ya taso daga Yawunde ya isa Belabo a 1969, ya kai Ngaundere a 1974, tsawonsa kilomita 622. Daga Yawunde zuwa Duwala kuwa kimanin kilomita 260 ne. Kamfanin Camrail ke tafiyar da su tun 1999. Abin da ya kamata maigida ya sani shi ne layin ƙwaya ɗaya ne, jiragen kaya da na fasinja duk a kansa suke bi. Idan biyu za su haɗu, dole ɗaya ya tsaya a tasha ya jira ɗan uwansa ya wuce. Shi ya sa jirgin da ya tashi bayan magariba, ana sa ran isarsa da hantsi, yakan kai azahar bai iso ba.

Saboda haka shawararmu ta farko ita ce kada a ɗaure tafiya tamau. Wanda jirginsa na sama zai tashi daga Duwala ran Alhamis, ya kwana Yawunde ran Talata. Kuɗin masauki na dare ɗaya a unguwar Birkitiri, inda ƴan uwanmu Hausawa suka daɗe da zama, bai kai kashi ɗaya cikin goma na tikitin da za a rasa ba. Mun san iyalin da suka sayi tikitin jirgin Duwala na ranar isowarsu, suka iso ya riga ya tashi, suka ɗauki hayar mota da tsada ga tsohuwa marar lafiya, kuma duk da haka ranar likita ta wuce su. Sauri ya haifi nawa.

Haka abin yake a gaɓar farko. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, da hawan dutse mai wuya kafin a shiga gari, inda manyan motoci kan lalace su tare hanya. Mai fitowa daga Injamena ta gadar Ngeli da Kusiri da Marwa, ko daga Mundu ta Tuboro, ya yi tafiyarsa da rana, ya iso kwana ɗaya kafin jirgi. A ranar zai tabbatar da lokacin tashi a bakin ma'aikatan tasha, ya kuma karɓi tikitinsa a hannu.

Taragun iri-iri ne: akwai ɗakin kwana mai gado 2, da mai gado 4, da kujerun aji na ɗaya da na biyu. Gadaje su ke fara ƙarewa, musamman gab da Salla da lokacin komawa makaranta. Mai iyali ya yi ƙoƙari ya kama ɗaki mai gado 4 gaba ɗayansa, don uwargida da yara su sake, kada a haɗa su da baƙo. A riƙe bargo, domin tudun Adamawa akwai sanyi da dare.

Takardu su zauna a jiki, kada a jefa su cikin akwati: fasfo ko katin shaida, takardun haihuwar yara, da katin allurar shawara, wanda ake nema ga mai shiga Kamaru. Ƴan uwanmu na Nijar su tuna cewa sefar yamma da sefar tsakiyar Afirka darajarsu ɗaya, amma mai shago a Ngaundere ba ya karɓar ta yamma. A yi canji tun kafin a iso tasha.

Game da salla, Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi. A mazhabar Malikiyya, wanda rana ta faɗi yana sauke, kuma ya san ba zai sake sauka ba sai bayan alfijir, ya halatta ya haɗa magariba da lisha kafin ya hau. Asuba kuwa a cikin jirgi za ta riske shi, sai ya tanadi butarsa da ruwa tun daga tasha. A tashoshin hanya irin su Ngaundal da Belabo, mai sayen zuma ko ayaba ya saya ta taga, kada a bar yaro ya sauka.

A ƙarshe, a sanar da mai tarba a Yawunde lambar tarago, a kuma gaya masa ya zo da haƙuri. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.