Keji ko daji: shin ya dace a tsare namun daji don mutane su kalla?

Dattawan ƙauyukan Tagriss, a gundumar Dakoro ta jihar Maradi, suna ba da labarin lokacin da jimina da barewa ke gilmawa a hanyar rijiya, raƙumin dawa kuma yana cin ganye kusa da garken shanu. Jikokinsu kuwa, in suna son ganin jimina ko zaki, sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci zuwa Yamai ko Kano, a sayi tikiti, a leƙa ta bayan ƙarfe.

Tun ƙarshen shekarar 2018 al'amarin ya fara sauyawa, domin an maido da raƙuman dawa gandun dajin Gadabeji da ke arewacin Dakoro, inda suke yawo ba keji. Wannan ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya: shin daidai ne a kulle naman daji don jama'a su kalla? Idan kuma akwai lokacin da hakan ya halatta, da wane sharaɗi?

Me ya faru a Gadabeji?

An keɓe gandun Gadabeji ne a shekarar 1955, zamanin mulkin mallakar Faransa. Faɗinsa ya kai hekta 76,000. Daga cikin dabbobin da aka so karewa a lokacin akwai mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya kamar takobi, wadda ake kira oryx da Faransanci. Amma farauta da bindiga da mota, da fari na 1973 da na 1984, da yawaitar rijiyoyi da dabbobin kiwo, suka taru suka share manyan namun dajin yankin. Mariri ya ɓace, jimina ta ɓace, raƙumin dawa ma haka.

A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta saka Gadabeji cikin jerin gandayen da duniya ta amince a kare su tare da mutanen da ke rayuwa a kewayensu. A watan Nuwamba na 2018 gwamnatin Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, ta ɗauko raƙuman dawa takwas daga yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ta kawo su Gadabeji a manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800. Rabon gandun da ganin raƙumin dawa kusan shekara 50 ke nan. A 2022 an ƙaro wasu huɗu.

Su ma waɗannan dabbobi sai da aka killace su na 'yan makonni a wani shinge kafin a ɗora su a mota, don su huce su saba da mutane. Tsarewa ce, amma mai ranar ƙarewa. A nan ne bambancinta yake da ta gidan zu, inda dabba kan shiga keji ta mutu a cikinsa.

Ina jama'ar yankin ke zuwa kallo?

Wurin da aka fi sani a Nijar shi ne gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama da ke Yamai, wanda kowa ke kira Muze. An buɗe shi a 1959. Ban da kayan tarihi da rumfunan masu sana'ar hannu da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, akwai sashen namun daji mai zakuna da kuraye da dorina da kadoji da birai da tsuntsaye. A Kano kuma akwai gidan zu na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan soja da ake kiran gidan da sunansa. Duka biyun sukan cika maƙil da yara a ranakun sallah.

Tsare naman daji bai tsaya ga waɗannan gidaje ba. Akwai gardawa masu yawo kasuwa kasuwa da kura ko biri ko mesa, da takunkumi da sarƙa. Akwai kuma gidajen masu hali inda ake ɗaure barewa a tsakar gida, ko a sake gauraka bayan an yanke mata fuka-fuki. Duk hujjar da za a kawo a kan gidan zu ta shafi waɗannan ma, har ta fi ƙarfi a kansu, domin ba likitan dabbobi, ba mai sa ido.

Me masu goyon baya ke cewa?

Hujjarsu ta farko ita ce ilimi. Gani ya kori ji: yaron da ya tsaya gaban zaki ya ji gurnaninsa ba daidai yake da wanda ya gan shi a littafin lakwal ko a wayar salula ba. A ƙasar da mafi yawan iyalai ba su da halin zuwa gandun W da ke iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma matsalar tsaro ta sa zuwan ya yi wuya, Muze ne kaɗai wurin da ɗan talaka zai ga dabbobin ƙasarsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma marirín da ya ɓace a Gadabeji shi ne shaidarta. A shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, UICN, ta ayyana cewa babu sauran mariri ko ɗaya a daji. Waɗanda suka rage duk suna hannun gidajen zu da masu garke na ƙashin kansu a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, yawancinsu jikokin waɗanda aka kama a Chadi ne a shekarun 1960. Daga 2016 aka fara ɗauko su daga Abu Dabi ana sakinsu a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na ƙasar Chadi. Suka hayayyafa, har a watan Disamba na 2023 UICN ta cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Da ba don shinge ba, da yanzu sai dai a hoto.

A Nijar ma ana gwada irin wannan da jimina mai jan wuya, wadda ake kiwonta a killace a garin Kelle na gundumar Gure, jihar Damagaram, da niyyar a mayar da ita daji.

Hujja ta uku kuɗi ne. Wasu gidajen zu na Turai suna ware wani kaso na abin da suke samu don aikin kare dabbobi a ƙasashensu na asali. Gidan zu na Doué-la-Fontaine a Faransa, alal misali, ya daɗe yana tallafa wa ƙungiyar ASGN mai kare raƙuman dawa a Nijar, wadda ke haƙa rijiyoyi da ba da ƙananan basussuka ga ƙauyukan yankin Kure.

Me masu suka ke cewa?

Abin da suka fara nunawa shi ne halin da dabbar take ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kejin kura ko zaki ya ga yadda dabbar ke kai da komo a layi ɗaya, ta kai bango ta juyo, ba fasawa. Masu kallo sukan ɗauka ƙarfi ne ko fushi. Masana halayyar dabbobi suna ɗaukarsa alamar ƙunci. Wani bincike da masana biyu na jami'ar Oxford ta Ingila suka wallafa a mujallar Nature a 2003 ya nuna cewa namun dajin da suka saba cin dogon zango a daji su ne suka fi yin wannan kai da komo a keji, kuma 'ya'yansu sun fi mutuwa.

Sai batun ciyarwa. Zaki ba ya cin dusa. Nama yake buƙata kusan kullum, dorina kuma tana buƙatar ruwa mai yawa da ciyawa. A ƙasashen da kasafin kuɗi ke da ƙaranci, duk lokacin da aljihun hukuma ya yi rauni, dabbar da ke keji ce ke fara ji a jikinta, tunda ba ta da hanyar fita neman abinci.

Akwai kuma haɗari ga mutane. A watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a gidan zu na Kano, aka rufe gidan, mazauna unguwannin da ke kewaye suka kwana cikin fargaba, sai bayan kusan kwana biyu aka shawo kansa.

Ko a ƙasashe masu arziki ba a tsira daga suka ba. A watan Fabrairu na 2014 gidan zu na Kopenhagen, babban birnin Denmark, ya kashe wani lafiyayyen ɗan raƙumin dawa mai suna Marius, aka feɗe shi a gaban jama'a, aka ba zakuna naman. Dalilin da hukumar gidan ta bayar shi ne jininsa ya riga ya yi yawa a cikin shirin kiwo na Turai. Lamarin ya jawo ce-ce-ku-ce a duniya, ya kuma nuna cewa a wasu lokuta buƙatar tsarin kiwo takan rinjayi ran dabbar kanta.

Babbar hujjar masu suka kuwa ita ce raƙumin dawan Nijar. An daɗe ana zaton cewa akwai irinsa a gidajen zu na Faransa, sai binciken ƙwayoyin halitta na 2007 ya nuna cewa waɗancan na wani jinsi ne daban, na yankin Chadi da Kamaru. Ke nan lokacin da adadinsu ya faɗi zuwa 49 a tsakiyar shekarun 1990, babu wani keji a duniya da ke riƙe da madadinsu. A fili aka cece su, a tsakiyar gonakin gero da wake, ta hanyar hana farauta da shawo kan manoma. A 2018 sun haura 600.

Me addini da doka suka ce?

Malaman Musulunci sukan kafa hujja da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Abin da malamai da dama suka fahimta shi ne, wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin ci da sha da lafiyarta, in kuwa ba zai iya ba, wajibi ne ya sake ta.

Wannan ya yi kusa da ma'aunin da likitocin dabbobi ke amfani da shi a duniya, wanda ya samo asali daga wani rahoto da aka fitar a Ingila a 1965. Ma'aunin ya tanadi haƙƙoƙi biyar: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, kada ta zauna a matsi, kada a bar ta da ciwo ko rauni, kada ta zauna cikin tsoro, sannan ta samu damar yin ɗabi'arta ta asali. Na biyar ɗin ne ƙaramin kejin siminti ba ya iya cikawa.

A fannin doka, Nijar tana da doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 kan farauta da kare namun daji. Raƙumin dawa yana cikin dabbobin da aka ba cikakkiyar kariya, kuma kama naman daji ko riƙe shi yana buƙatar izinin hukumar gandun daji. A 2019, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Janeba, Nijar tana cikin ƙasashen Afirka shida da suka nemi a sa ido kan cinikin raƙumin dawa tsakanin ƙasashe, aka kuma amince.

Barin dabba a daji ma yana da tsada

Ba a nan maganar ta ƙare ba, domin dabbar da aka bari a sake, wani ne ke biyan kuɗin 'yancinta. A yankin Kure manoma sun sha kokawa kan raƙuman dawa da ke cinye musu wake da mangwaro. Kuɗin 'yan yawon buɗe ido da ke rage musu zafi ya ja baya ƙwarai bayan harin ranar 9 ga Agusta 2020, wanda aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu.

A arewacin Dakoro kuwa makiyaya ne abin ya fi shafa. Ciyawa da ruwa da itatuwan da raƙumin dawa ke buƙata su ne Fulani da Buzaye ke dogaro da su, gonaki kuma suna ta matsowa arewa duk da dokar 1961 da ta shata iyakar noma. Idan mazauna yankin suka ga gandun bai kawo musu komai ba sai hani da tara, zai yi wuya su zama masu gadinsa.

Me mai ziyara zai duba?

Labarin mariri da na raƙumin dawa sun nuna cewa amsar ba ɗaya ba ce ga kowace dabba. Ɗaya keji ne ya cece shi, ɗayan kuma ya tsira ba tare da keji ba. Abin da za a auna shi ne dalilin tsarewar da yadda ake yinta.

Uban da ya kai 'ya'yansa kallo zai iya duba wasu abubuwa da idonsa: ko akwai inuwa da ruwa mai tsabta a kejin, ko dabbar tana da wurin ɓuya in ta gaji da mutane, ko haƙarƙarinta a waje yake, ko akwai allo mai bayanin sunanta da inda take rayuwa. Zai iya tambayar ma'aikata daga ina aka kawo ta, a gidan aka haife ta ko daga daji aka kamo ta. Ya kuma hana yara jifa da tsokana da miƙa abinci cikin leda.

Wanda aka kawo wa ɗan barewa ko ƙwan jimina na sayarwa, ya sani cewa duk kuɗin da ya bayar kira ne ga mai kamawa ya koma daji ya ƙaro. Abin da ya dace shi ne a sanar da ma'aikatan gandun daji mafi kusa.

Ga mutanen Tagriss da maƙwabtansu, zaɓin yana bakin ƙofa. Idan itatuwan gandun Gadabeji suka tsira daga gatari, ciyawarsa ta tsira daga gobarar daji, kuma makiyaya suka ga amfanin zama da waɗannan dabbobi, yaran yankin za su ga raƙumin dawa a inda kakanninsu suka gan shi. Idan hakan bai samu ba, abin da zai rage musu shi ne hoto a littafi, tunda irin wannan raƙumin dawa babu shi a kejin kowa.