Akun Imam da Al'ummun Indiya: Wata Hanyar Koyar da Ɗaliban Adabi

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyar da muke bi wajen nuna wa ɗaliban adabi cewa mutanen Indiya ba al'umma ɗaya ba ce. Ɗalibanmu da suka fito daga Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda galibi ta fim suka san ƙasar, don haka sukan ɗauke ta ƙasar gumaka da rawa da waƙa kurum. Su kuwa malaman gobe ne. Abin da suka fita da shi, shi za su shuka a makarantun yankinsu.

A ganinmu bai kyautu a fara da alƙaluma ba. Gara a fara da littafin da suka sani, watau Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937. Manazarta sun nuna cewa dabarar aku mai tsare mutum da labari don kada ya fita ta samo tushe daga Shukasaptati, tarin labarai 70 na 'yan Hindu cikin harshen Sanskirit. A wajajen 1330 wani sufi Musulmi na arewacin Indiya, Ziya'uddin Nakshabi, ya sake tsara shi da Farisanci, ya mai da labaran 52, ya kira shi Tutinama. Ke nan al'ummu biyu na Indiya sun riƙa akun nan kafin ya sauka Zariya. A can matar aure yake hanawa zuwa wurin kwarto, a hannun Imam kuwa Musa ɗan sarki yake hanawa bin Mahmudu wurin yaƙi. Mukan sa ɗalibi ya bayyana dalilin wannan sauyi na jigo, kuma a nan ne muhawara kan yi armashi.

Sai bayan haka muke kawo ƙidayar 2011: Hindu kashi 79.8 cikin ɗari, Musulmi 14.2 (watau mutum miliyan 172), Kirista 2.3, Sikh 1.7, ban da mabiya Buddha da Jain. Tsarin mulkin ƙasar kuma ya lissafa harsuna 22.

Fim ɗin ma, wanda shi ya haddasa ruɗanin, yana da amfani a aji. Mother India na 1957 Musulmi ne, Mehboob Khan, ya shirya shi, Dilip Kumar kuwa sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. Sai dai a lura, finafinan Hindi ba su cika wakiltar Tamilawan kudu ba, balle ƙabilun arewa maso gabas, inda Kirista suka fi rinjaye a jihar Nagaland.