Tsohon Iri a Sabuwar Gona: Yadda Wayar Hannu Ke Kwaikwayon Na'urar Wasa

Mai karatu, in ka ratsa majalisar samari a Maska ko Funtuwa da yamma, da wuya ka rasa masu buga ƙwallon ƙafa a wayar hannu. Da yawansu wasan PES suke yi, irin wanda kamfanin Konami ya tsara wa na'urar PSP ta Sony, wadda ta fito a 2004. To, yaya wasan wata na'ura yake gudana a cikin wata?

Asirin yana ga manhajar PPSSPP, wadda Henrik Rydgård, mutumin Suwidin, ya fitar a 2012. Ƙwaƙwalwar kowace na'ura harshenta kaɗai take ji. Ita wannan manhaja, da ake kira emuleta, aikin tafinta take yi: takan karɓi umarnin da aka rubuta wa PSP, ta juya shi nan take zuwa harshen waya. Nauyin wannan tafinta ne ke sa ƙaramar waya ta ɗau zafi, wasan ya riƙa sarƙewa.

Daga PES 2014 Konami bai ƙara yi wa PSP wani ba. Masu sha'awa ne suka ci gaba da sauya sunayen 'yan wasa da rigunansu kowace shekara. Wasu kuma baya suke komawa. Wasan waya na Flappy Bird, wanda ya fito a 2013, an sake rubuta shi domin tsohuwar na'urar Nintendo ta 1983, wadda ma'ajiyar aikinta kilobayit 2 ce kacal. Sai da aka rage launi da sauti kafin ya shiga.

A ilmin halittu mun san ƙwayar iri saƙo take ɗauke da shi, ba ta kuwa tsira sai ta sami ƙasar da ta dace. Haka wasan yake: shi ne irin, na'ura ita ce gona. Na'ura takan mutu, amma in an adana saƙon, emuleta ta zama sabuwar gona.

Batun ya wuce nishaɗi. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 sun ɓace daga kasuwa. Manomin dawa ya san wannan hatsari: irin da ba a ajiye a rumbu ba, ba a shuka shi baɗi.